Kafin ka sa Baba ya sayar da gonar fadama

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama injiniyancin noma a BUK, kana son zuwa nan Holand ka yi mastas kan harkar ruwa, wani ejan ya ce ka kawo kuɗi ya nema maka gurbi da biza, har kana tunanin a sayar da gonar Baba ta fadama. Don Allah kar ka yi. Wallahi ba hana ka zuwa nake ba, ni ma so nake ka zo, amma akwai ƙofar da za ka fara shiga daga ɗakinka da laftof da data kawai.

Makarantar da ake ta maka zancenta, IHE Delft, cibiyar karatun ruwa da ke garin Delft, an kafa ta 1957, bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum sama da 1,800 a ƙasar nan. Yanzu suna da kwasa-kwasai a intanet, wasu kyauta ne, ka sauke lakca da atisaye ka bi a hankali, in NEPA ta ɗauke wuta ka ci gaba gobe. Na kyautan galibi ba satifiket, na kuɗin ne ke da shi, kuma akwai malami mai duba aikinka. Ka fara da na QGIS, manhajar taswira ce ita ma kyauta.

Kuma jami'o'in Turai da yawa sun daina aiki kowa shi kaɗai. Akwai mastas ɗin Erasmus Mundus, shirin karatu na Tarayyar Turai, kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da makarantun Lisbon da Delft da Dresden suka haɗu a kai, akwai na ambaliya da ya haɗa Dresden, Delft, Barcelona da Ljubljana, samista nan samista can. Wanda ya samu sikolashif ɗinsu ba ya biyan kuɗin makaranta kuma ana ba shi Yuro 1,400 duk wata. Kai da kanka za ka cika fom a shafinsu, yawanci daga ƙarshen shekara zuwa Janairu, babu ruwansu da ejan. Ka dinga leƙawa don ba kowace shekara ake buɗewa da tallafi ba.

To amma ga inda yaranmu ke faɗuwa, wasiƙar da za ka rubuta ka ce me ya sa kake son karatun. Kowa rubutawa yake wai yana son taimakon Afirka, masu tantancewa sun gaji da karanta wannan. Kai kuwa ɗan Hadeja ne, ka san yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa har ruwan ya bar inda ake buƙatarsa ya koma yana cin gonaki, ka san abin da ke faruwa a garuruwan da ke ƙasan kogi idan aka saki ruwan madatsun Tiga da Challawa. In ka koyi QGIS ka ɗauko hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, waɗanda su ma kyauta ne, ka zana yadda fadamar Hadeja zuwa Nguru ta canza cikin shekara ashirin, ka je ka tambayi masunta da manoman shinkafa ko abin da taswirar ta nuna haka yake a ƙasa, ka haɗa shafi biyar ka maƙala a takardunka, ai ka bar sahun masu surutu. Wannan ya fi min satifiket goma.

Sai dai kar ka ɗauka allon laftof zai koya maka komai. Auna gudun ruwa a kogi, gwada rijiyar burtsatse, shiga lab, dole sai hannunka ya jiƙe. Ka nemi inda za ka liƙe ko na sa-kai ne, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Mando a Kaduna tana horaswa, ga hukumar kogin Hadeja da Jama'are a Kano. Ka duba makarantun ruwa na nan Afirka ma, PAUWES ta Tlemcen a Aljeriya da 2iE ta Wagadugu a Burkina Faso, ita 2iE tana da karatu daga nesa, in Faransancinka ya ɗan motsa.

Ka fara shirin IELTS, jarabawar Turanci, yanzu, ka karɓo tiranskirif ɗinka tun da wuri don yana cin lokaci. Idan ka gama taswirar farko turo min in duba. Ka gaida Baba da Inna, Allah ya yi jagora.