Giyar motar haya tana kuka: in ɗebi jarin shago ko in sayar da ita?

Wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da wannan: "Malam, shekara 3 ke nan da na sayi Toyota Sienna ƙirar 2005, na ba ɗan yayata yana jigila tsakanin Kano da Abuja. Duk makon da ya yi aiki yana kawo mini balans naira 70,000. Yanzu ya ce giya tana kuka, bakanikensa kuma ya ce sai an sauke ta an ɗora 'yar Beljiyam, naira 900,000 har da kuɗin aiki. In ɗebi kuɗin daga jarin shago, ko in sayar da motar in cika in karɓi guda biyu biyan sannu a hankali? Wani aboki ya ce da mota biyu, cikin shekara zan mayar da kuɗina."

Alhaji, na karanta saƙonka daga farko har ƙarshe, ban ga inda ka ce kai da kunnenka ka ji kukan nan ba. Ban ga kilomita nawa motar ta ci ba, ban ga ranar da aka canza mata man giya ba, balle irin man da aka zuba. Ba mantuwa ka yi ba, motar ce ba ta da littafi. A shago, yaronka ba ya yankan yadi biyar bai rubuta ba, amma dukiyar miliyoyi ka miƙa mabuɗinta saboda ɗan yayarka ne, kana jin nauyin ka ce ya kawo rasit. Wannan shi ne kuskurenka, kukan giya kawai ya tona shi.

Ban ce yaron yana cutarka ba. Wataƙila mutumin kirki ne. Amma direban da aka ɗora wa balans, duk ranar da mota ta kwana a gareji shi ke asara, don haka sabis ɗin da ba dole ba sai ya yi ta ɗaga shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani: abin da zai rage masa ya ƙanƙance, sai ya rama da lodi, a cika mutane, a danna buhuna har but ba ya rufuwa. Nauyi da zafi su ne ajalin giya mai canza kanta.

Yi lissafin nan. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Idan yana zuwa ya dawo sau uku a mako, a wata ya doshi kilomita 10,000, a shekara ya wuce 100,000. Ni a ganina motar da ke irin wannan wahala bai kamata man giyarta ya wuce kilomita 50,000 ba. Ke nan a shekara 3 ya kamata a ce an canza shi wajen sau shida. Sau nawa ka biya kuɗin hakan? Idan amsar ita ce ba ka tuna ba, to wani ɓangare na naira 70,000 ɗin da kake kira riba, giyarka ce kake ci a hankali.

Kafin ka ciro ko sisi, rufe shago rabin yini ka shiga motar. Ɗauki wani bakanike daban, wanda ya ƙware a giya, wanda kuma ba shi zai sayar maka da kayan ba. Ba duk ƙarar da ke fitowa daga gaban mota ce giya ba. Idan gurnani ne da ke ƙaruwa da gudun mota, yana canza murya in an karkata sitiyari, galibi boris ɗin taya ne. Idan ƙas-ƙas-ƙas ne lokacin shan kwana, a duba shaf. Idan duka ɗaya take yi, gaf, sa'ad da aka sa D ko ribas, a fara duba injin-sit, wato robobin da injin ke zaune a kai. Duk waɗannan gyaransu bai kai kusa da kuɗin da aka faɗa maka ba. Wanda ya shafi giya shi ne kuka siriri mai tashi da sauka tare da totur ko da mota tana tsaye, ko injin ya yi ta ihu amma mota ba ta ja, ko ta daɗe kafin ta kama giya da safe.

Sannan a zaro gejin man giya a gabanka. Ja ne, ko ya koma baƙi yana ƙauri? Idan ya yi kama da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kuma sai an magance wannan, in ba haka ba sabuwar giyar ma haka za ta bi. Ƙirar 2005 man Toyota T-IV take sha, ba kowane jan mai na bakin titi ba. A kwance farantin da ke ƙarƙashin giyar a duba maganaɗisun ciki. Ɗan taɓo mai laushi ba komai ba ne. A wanke, a canza filta, a zuba man da ya dace, wani lokaci kukan a nan yake tsayawa. Ɓarɓashin ƙarfe mai sheƙi kuwa, giyar ta ci kanta. A sa mata kwamfuta ma, kuma a rubuta maka lambobin da ta nuna.

Na san wani mai sayar da hatsi da ya biya kuɗin giya sukutum bisa maganar ƙanin matarsa. Aka ɗora, aka hau titi, ƙarar tana nan daram. Boris ne. Tsohuwar giyar tasa mai lafiya kuma ba a san inda ta shiga ba, shi kuwa kunyar surukai ta hana shi tambaya.

Idan ta tabbata giyar ce, 'yar Beljiyam ma tsohuwa ce, babu wanda ya san tafiyar da ta sha. Ka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da ƙafarka tare da bakanikenka, ka ji farashi a shago uku, a rubuta maka a rasit kwana nawa aka ba ka na gwaji da sharaɗin canji, kuma tsohuwar giyar ta dawo hannunka. Naira 900,000 balans ɗin kusan mako 13 ne, in ba a fasa ko mako ɗaya ba, ba a sayi taya ba. Mota mai shekara wajen 20, zan yarda da wannan ne kawai idan injin ba ya shan mai, ƙafafunta da jikinta suna da sauran ƙarfi. In ba haka ba, sayar da ita yadda take, ka faɗa wa mai saye aibinta, kuɗin su koma atamfa, inda ka san kan ciniki.

Maganar motoci biyu kuwa, bar ta. Ɗaya ba ka san abin da take ci ba. Wanda ya ba ka mota bashi, ranar biya ba ruwansa da cewa tana gareji, kuma daga shago za ka riƙa cikawa. Abokin naka da ya yi lissafin shekara ɗaya, tambaye shi nawa ya ware wa taya, giya da kwanakin da mota ba ta fita.

Idan ka gyara, kira yayarka da ɗanta ku zauna kafin mota ta koma tasha. Littafi ɗaya a cikin motar: kilomita duk ranar da aka kawo balans, kowane gyara da rasit ɗinsa, iyakar lodi. Kashi ɗaya cikin uku na balans ya tafi asusu daban da sunan motar, kuma ranar sabis ka yafe masa balans ɗin ranar, kai ka kai ta gareji.