Bashi ya yi min katutu, in mayar da gidana sunan matata kafin in je kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, atamfa nake sayarwa, jari ya karye. Banki na bina, mutum uku da suke ba ni kaya na bina, ga manhajojin bashi na waya da na ci don in toshe wani ramin, yanzu har surukaina suke tura wa saƙo. Wani abokina ya ce in je kotu a ayyana na karye shikenan an yafe komai, amma in fara mayar da gida da mota sunan maiɗakina, wai kuma akwai wanda zai goge min BVN in na ba shi wani abu. Wallahi bacci ba na yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yaye. Ka fara da sanin cewa bashi zalla ba laifi ba ne da za a kulle ka, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya. Sai fa in ka ba da cek alhali ka san babu kuɗi a asusun, wannan kam shekara 2 ce a gidan yari a dokar cek marar kuɗi ta 1977, don haka duk matsin da za a yi maka kar ka sa hannu a cek don a ƙyale ka.

Shari'ar karyewa a Babbar Kotun Tarayya ake yinta, ƙarƙashin dokar 1979, kuma ba yafiya ba ce. Kotu ce za ta ɗora wani a kan duk abin da ka mallaka, ya sayar, a raba wa masu binka. In takardar gidanka tana hannun banki a matsayin jingina to bankin na nan da haƙƙinsa a kanta. Kuma kafin kotu ta sallame ka ba ka da damar zama daraktan kamfani yadda ka ga dama ko tsayawa takarar majalisa, balle a Kwari inda da sunanka ake ba ka dila ba da takarda ba.

Amma maganar mayar da gida sunan Hajiya ita ce ta fi damuna, don kullum sai an zo min da ita, kuma kullum wani aboki ne ya faɗa, abokin da in abu ya ɓaci ba za ka ga ƙeyarsa ba. Wanda kotu ta ɗora ba abin da ke hannunka yau kaɗai yake dubawa ba, baya yake komawa. Ga takardar sauya suna an yi ta ana tsaka da aiko maka wasiƙar neman biya, babu shaidar ko sisi ya shiga asusunka, kuma kai ne dai a cikin gidan, motar ma kai ke tuƙa ta zuwa masallaci. Wane alƙali ne ba zai gane ba? Kotu na da ikon warware irin wannan kyautar, gidan ya dawo cikin abin da za a sayar, kai kuma ka tashi daga wanda kasuwa ta juya wa baya ka koma wanda ya ɓoye dukiya, wanda laifi ne mai zaman kansa. An gudu gara an faɗa zago kenan. A ce ma ba a gano ba, gidan fa ya zama nata. In ta riga ka rasuwa gado ne, iyayenta da 'ya'ya suna da rabo, in kuka rabu kuma da wane baki za ka ce wa alƙali ai na ɓoye ne don kar in biya mutane? Ko kotun shari'ar Musulunci masu kayan suka kai ka, malamanmu na Malikiyya sun hana wanda bashi ya cinye dukiyarsa yin kyauta da ita. Allah ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, amma Manzon Allah (SAW) ya kira jan ƙafar mai hali zalunci, kuma mai gida da mota a ɓoye kai ma ka san ɓangaren da ya faɗa.

Mai goge BVN kuwa ɗan damfara ne, ka riƙe kuɗinka. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashin, bankin na iya kwasar kuɗi daga asusunka na wasu bankunan.

Abin yi, ka zauna da biro ka rubuta kowa da abin da yake binka, uwar kuɗi daban ruwa daban. Ka daina cin sabon bashi don biyan tsoho. Ka rubuta wa banki kana neman a tsawaita lokaci a rage ruwa, ka ajiye kwafin da suka buga wa hatimi. Masu kaya kuma ka nemi shugabannin kasuwa su zaunar da ku, motar ka sayar da ita da hannunka ka raba musu gwargwadon abin da kowa ke bi, a rubuta da shaidu, ta fi daraja a haka a kan gwanjo. Saƙonnin da ake tura wa surukanka ka ɗauki hotonsu ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC. In duk wannan ya faskara sai ka ɗauko takardun bashin gaba ɗaya ka je wurin lauya kafin ka taɓa takardar gidan.