Ina wanke akwatin kifin tas, amma suna ta mutuwa

Tambaya:

Assalamu alaikum malam. Don Allah a taimaka mani, daga Gesse nike nan Birnin Kebbi. Na sayo ma yara akwatin gilashin nan na kihin ado mai cin lita 60 da golfish guda goma, ranar da na kawo shi na cika shi da ruwan famfo na zuba su. Yau sati biyu, ruwan ya yi fari-fari, kihin na hawowa sama suna ta buɗe baki, ukku sun riga sun mace. Kuma wallahi ba ƙazanta ba ce, duk kwana biyu nike kwashe ruwan duka in wanke tsakuwa da soson filta da omo. Wanda ya saida man ya ce in fasa kafso ja-da-rawaya in zuba da gishiri. Mi ya kamata in yi? Yara sun hana ni sakat.

Amsa:

Wa'alaikumussalam. Malam, ajiye omon nan tukuna, kafson ma kada ka fasa shi. Kifinka ba cuta suka kamu da ita ba, amoniya ce, gubar da ke fitowa daga kashinsu da ragowar abinci, ke ƙona su, kuma wankin nan da kake yi da kyakkyawar niyya shi ke hana abin ƙarewa.

Kusan kullum sai na yi wannan maganar da wani. Mutanenmu sun ɗauka in ruwa ya yi garau to lafiya lau yake. Amoniya ba ta da launi, naitirayit ma haka, ruwa zai iya yin kyalli kana ganin ƙwayar idon kifin daga bakin ƙofa amma guba ce zalla a ciki. Abin da ke cinye gubar nan bakteriya ne, su ke mayar da amoniya naitirayit, wasu kuma su mayar da naitirayit naitiret mai sauƙin illa, kuma ba cikin ruwan suke yawo ba, manne suke a jikin soson filta da tsakuwa. Wannan ɗan santsi mai ruwan ƙasa da kake gani a soso kana jin ƙyama, ai shi ne dukiyar akwatin gaba ɗaya. Sati 4 zuwa 6 suke ɗauka kafin su kafu a sabon akwati, kai kuma duk kwana biyu kana bin su da omo da ruwan famfo mai kulorin, to yaushe za su kafu? Akwatinka sati biyu ne a lissafinka, amma a wurin bakteriya kullum ranar farko ce. Ga shi kumfar omo ba ta fita duka daga soso komai ɗauraya, ragowarta kuwa wurin numfashin kifin take ci. Farin da ruwan ya yi kuwa ba shi ke kashe su ba, wasu bakteriya ne daban suka yi yawa don abinci ya yi yawa, in ka rage abinci da kansa zai washe.

Sai mai kafso. Ban san ranar da za a daina wannan ba, kaza ta yi sanyi kafso, akuya ta yi zawo kafso, yanzu kuma an kai kan kifi. Kafson nan maganin kashe bakteriya ne, kai kuma bakteriya kake nema ido rufe, ka ga inda aka kwana. Mutum ya sayar maka da golfish goma a lita 60, akwatin da ƙanana biyu ma sun ishe shi don golfish akwai ci akwai kashi, bai ce maka ka jira ruwa ya kafu ba, sun fara mutuwa kuma ya koma likita. Wasu ma cewa suke kambun baka ne ko ruwan garin ne bai karɓe su ba. Mu nan mun saba da tarwada, mun ga tana rayuwa cikin laka sai muka ɗauka duk kifi haka yake, alhali tarwada tana iya shaƙar iska kai tsaye, golfish kuwa iskar cikin ruwa ce rayuwarsa. Kuma abin nan rai ne, ka san hadisin matar da ta tsare mage, wanda ka kulle a gilashi ruwansa da abincinsa a wuyanka suke. Gishirin dai akwai gaskiya a ciki kaɗan, yana rage shigar naitirayit cikin jinin kifi, kamar giram 1 a kowace lita, amma ba ya taɓa amoniya, kuma ba a ɗiba da hannu a watsa.

Yanzu abin yi. Daga yau kullum ka cire kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, kana zuƙo dattin da ya kwanta a ƙasa, ka mayar da ruwan da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti cikin ɗakin, ko wanda ka ɗiga wa maganin cire kulorin. In na burtsatse ne shi ma ya kwana, don yana fitowa da ƙarancin iska. Kada ka kuskura ka tara daga tankin sama da rana tsaka, ka san yadda Birnin Kebbi take a Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskarsa raguwa take amoniya kuma ta ƙara dafi. Ka janye akwatin daga taga. Abinci ka tsayar kwana biyu, ba abin da zai same su, bayan nan sau ɗaya a rana abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma ka ɓoye gwangwanin don na san yara kowa ya wuce sai ya barbaɗa.

Soson filta kada ka taɓa shi sai ruwa ya daina wucewa, a lokacin ma ka matse shi sau biyu uku cikin ruwan da ka cire daga akwatin, ka mayar da shi da launinsa. Filta ta kwana tana aiki, in an ɗauke wuta ka samu ɗan injin iska mai caji, in babu ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana zubowa daga sama. In ka san wani mai tsohon akwati da kifinsa ke lafiya, roƙi guntun sosonsa a jiƙe ka cusa cikin filtarka, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a madara ta kwana ta zama kindirmo, zai rage maka jira sosai.

Bakwai ɗin da suka rage, ka mayar wa mai shagon da biyar ko ka ba wani mai babban wuri. Sannan ka nemi kayan gwajin ruwa ko da sai an sa maka a mota daga Kano, amoniya da naitirayit su nuna 0, naitiret kada ta wuce 40. Sai sun tsaya a haka sati guda cur za ka koma canza kwatan ruwa sau ɗaya a sati, kafin nan ko kyauta aka ba ka kifi kada ka ƙara.