Ciwon ɓarin kai: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, duk wata sai ɓarin kaina ya riƙa sarawa, ga tashin zuciya, ko haske ba na son gani. In na je kemis sai a ce maleriya da taifot ne. Wata malama, Zariya.

Sannu da jiki, Malama. Alamun nan sun fi kama da ciwon ɓarin kai, wato maigiren. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, motsi na ƙara shi, kuma ya fi kama mata, musamman dab da al'ada. Gwajin jini ba ya nuna shi, da bayanin mara lafiya ake gano shi. Ki riƙa rubuta ranar da ya taso da abin da ya gabace shi, ko yunwa ce, ko rashin barci, ko zafin rana, ki kai wa likita. Idan kina ganin walƙiya a ido kafin ya fara, ki faɗa kafin a ba ki ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrogen, domin haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Kullum sai na sha farasitamol, wani lokaci tiramadol, amma kan bai daina ba. Wani direba, Maraɗi.

Ɗan'uwa, maganin da kansa yana iya riƙe ciwon. Shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da wani ciwon kan, tiramadol kuwa kwana 10 ya isa, ga jaraba. Ka ga likita ya duba ko propranolol ko amitriptyline na rigakafi zai dace da kai.

Me gwamnati za ta iya yi? Wani ma'aikacin lafiya, Dutse.

Abokin aiki, gyaran daga asibitin sha-ka-tafi zai fara, domin can jama'a ke zuwa, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan kaɗan ne a asibitocin koyarwa. A horar da ku tambayoyin gano ciwon, da alamun da ba a jira: ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mai ciki da kumburin ƙafa. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sumatriptan, maganin ciwon ɓarin kai, cikin jerin muhimman magunguna, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a Najeriya. Yana min ciwo in ga mace ta ƙarar da kuɗin cefane kan allurar taifot da ba ta da shi. Ina so in ga jihohi sun sa maganin cikin inshorarsu, ya kuma kai kantar asibitin ƙauye.