Wai dangin Gimbiya Diana jinin sarauta ne tun asali?

Malam, ka tambayi asalin gidan Spencer na Ingila, gidan su Diana. Gaskiya tumaki ne suka yi musu arziki. Kakansu John Spencer mai garke ne a Warwickshire, shi ya sayi gandun Althorp a 1508. Kuɗin ulu ya sayi ƙasa, auratayya da manyan gidaje ta ƙarasa sauran. Sai a 1603 Sarki James na ɗaya ya naɗa Robert Spencer, daga zuriyar John, a matsayin baron, wato wani muƙamin sarauta na Ingila.

Abin dariya, a 1595 an tsara musu salsalar da ta haɗa su da tsohon gidan masu sarauta na Despenser. Masanin tarihi Horace Round ya bi takardun a 1901, ya nuna ƙage ce. A Althorp ɗin aka binne Diana, kan ɗan tsibiri tsakiyar tafki.