Amsar gwaggo kan rungumar 'yar fari

'Yata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya, sanyin Jos ne ya ƙandarar min da yatsu, sai yau da rana ta ɗan leƙo na iya riƙe waya. Kin ce yarinyar ta dawo daga makaranta ta faɗa jikinki, kin rungume ta kin sumbaci goshinta, sai surukarki ta ce wannan taɓara ce da kwaikwayon Turawa, balle ma 'yar fari. Kina tambaya ko da gaske al'adarmu ta hana.

Surukarki ba ƙarya ta yi ba, haka aka raine ta, haka aka raine mu. Ke ma 'yar fari ce, har yau uwarki ba ta kama sunanki, sai dai ta ce "waccan". Amma bari in ba ki labarin da ba ki sani ba. Kina shekara biyu ƙyanda ta kama ki a gidanmu na Gangare, cikin tsakiyar hunturu. Uwarki ta kwana a zaune, ta sassauta zani ta manna ki a ƙirjinta, ta lulluɓe ku da bargo tana jijjiga ki. Da asuba, tana jin takun kakarki a tsakar gida, sai ta miƙo min ke da sauri, ta ɗauki tsintsiya kamar ba ita ba. Kunyar ɗan fari ta idon mutane ce. Idan an saki labule, wani zance ne daban.

Kuma wa ya ce ba mu san ɗumin jiki ba? To goyo mene ne? Yaro yana manne a bayan uwa da majanyi, tana daka tana tuƙin tuwo, har a yaye shi yana dab da shekara biyu. Ga kaka da ke ɗora jika a cinya tana kiransa mai gidanta, ga kitso da yarinya ke kwantar da kai a ƙafar yayarta. Inda muka yi sake shi ne bayan yaye: sai a ɗauke hannu gaba ɗaya, musamman iyaye maza. Babanki, ƙanena, yana sonku kamar ransa, amma iyakarsa "Allah ya yi albarka" daga nesa. Wannan kam ban yaba ba, na kuma sha faɗa masa.

Kin san a aikin unguwarzoma na tsufa. Idan fata ta haɗu da fata cikin natsuwa, jiki yana sakin wani sinadari, oksitosin, shi ne ma yake taimakawa nono ya zubo. Sinadarin damuwa, kotisol, ya ragu, bugun zuciya ya lafa. A 1978 likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka rasa isassun kwalaben saka bakwaini, sai suka koma ɗaure jariri tsirara a ƙirjin uwarsa, suka kira shi renon kangaru. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yi wa bakwaini haka tun daga haihuwa. Ranar da aka fara koya mana, dariya ta kama ni, na ce ashe goyo ne aka juyo da shi gaba. Na ga jaririn da bai kai mudun gero nauyi ba, ƙafafunsa sanyi ƙalau, an sa shi a ƙirjin uwa, kafin la'asar ya yi ɗumi yana laluben nono. Manya ma haka. A jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka an gwada mutum 404 da ƙwayar cutar mura, waɗanda aka fi runguma ciwon bai tsananta musu ba. Ba wai ta maye gurbin asibiti ba ne, kada ki je ki ce gwaggo ta ce.

Ta fuskar addini kuwa, Aƙra'u bin Habis ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya dawo daga Habasha a shekara ta 7 bayan hijira, Annabi rungume shi ya yi. Sai dai a Risala da muka karanta a zauren malam, an ce Imamu Malik ya karhanta rungumar juna wajen gaisuwa, Ibnu Uyaina ya halatta. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa mazanmu suka tsaya a musabaha. Amma zancen gaisuwar manya ake, ba uwa da ɗiyarta ba. Iyakar da ba ma wasa da ita ita ce wanda ba muharrami ba. Kuma kada ki tilasta wa yarinya ta rungumi baƙo in ba ta so, ta gaishe shi da ladabi ya wadatar.

Ranar runguma da kika ce kin gani ana yi 21 ga Janairu, a Amurka aka faro ta a 1986. Su yi abinsu. Ke ba kya buƙatar kalanda.

Surukarki kuma kada ki ja da ita, kada ki karanta mata hadisi, za ta ga kin raina ta. A gabanta ki ɗan kama jikinki, ki tura yarinyar ta faɗa jikin kakarta, ki gani ko za ta ture ta. Da sallah in kin zo daga Abuja, kada ki yi wa uwarki tsalle a wuya, za ta ce kin haukace. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba, da dare ki ɗauki man zafi ki ce ta miƙo ƙafa ki yi mata tausa, gwiwar nan tata ta hagu tana damunta tun damina. Ki taho min da kishiyata, na ajiye mata dankali.