Ga wadda ta fara labari uku ta kasa kai ko ɗaya ƙarshe

Ƙanwata, kin ce labari uku kika fara, kowanne da zafinsa, amma da kin kai babi na shida ko na bakwai sai jiki ya mutu, ki ajiye, wani sabo kuma ya zo yana miki rawa a ka. Har kina tambaya ko dai baiwar ce ba ki da ita. Na yi murmushi da na karanta, don ni ma har yau akwai littattafan rubutu huɗu a ƙasan akwatina, kowanne rabinsa fari fat.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan kasala, kafin na gane labarin ne yake ƙarewa a hannuna ban sani ba. Ɗaya daga cikinsu a kan wata yarinya ne da aka cire daga makaranta. Na kwatanta gidansu, na kwatanta kyanta tun daga gashi har ƙafa, na kawo dangi kaca-kaca, na sa ta kuka babi uku a jere. Da na iso babi na bakwai sai na zauna riƙe da biro kusan awa guda, ban san abin da za ta yi washegari ba. Dalili kuwa, ban taɓa tambayar kaina me take so ba. Abubuwa ne kawai suke faɗo mata tana zaune. Ranar da na yanke cewa burinta ta zana jarrabawar da aka riga aka biya mata kuɗinta, saura mako shida, kuma wanda ya hana ta shi ne mutumin da ta fi jin kunya a duniya, ranar babi huɗu suka buɗe mini lokaci ɗaya. Dole ta ɓoye littafi, dole ta yi ƙarya, dole wani ya kama ta.

Saboda haka ki ɗauko labaran nan naki, ki ba kowanne takarda ɗaya, ki amsa: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba. In kin kasa amsawa a layi huɗu, nan ciwon yake. Ki ƙara da sanin inda za ki sauka. Ba sai kin san duk kwanar da ke hanya ba, amma ni yanzu ba na fara babi na ɗaya sai na ga fitowar ƙarshe a idona, ko da daga baya zan canza ta.

Akwai kuma wata cuta da na tabbata kina da ita, don kusan duk mai son rubutunsa ya yi kyau yana da ita: komawa baya. Ki rubuta shafi biyu, ki dawo ki gyara na farko, gobe ki sake gyara shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai rubutu daban, mai gyara daban, ko da a jikin mutum ɗaya suke. In wani abu ya dame ki a baya, ki rubuta a gefe "a duba sunan ƙanin nan", ki wuce. Sai kin sa aya ta ƙarshe, kin ajiye aikin mako biyu ko uku ya huce, sannan ki dawo da jan biro. A lokacin ki karanta da ƙarfi, kunnenki na ji. Duk inda numfashi ya yanke miki, jimlar ta yi tsawo. Duk maganar da kika ji ba wanda zai faɗe ta haka a zahiri, ki soke. A nan ne kuma ake maye gurbin irin su "ta yi baƙin ciki sosai" da abin da ido zai gani: ta ninke takardar sau huɗu, ta tura ƙarƙashin filo, ta koma kan gugar da take yi kamar ba a ce komai ba.

Batun jiran sha'awa ta zo kuwa, ki manta da shi. Kalma 300 a rana bai fi shafi ɗaya ba, amma a wata ya zama 9,000, cikin wata huɗu kin haura 35,000. Ki tsaya a inda kin san abin da zai biyo baya, ko da a tsakiyar hira ne, don gobe ki sami bakin zaren a hannu.

Ni dai a ganina ma, ki ɗan rage buri tukuna. Wanda bai taɓa gama komai ba bai san yadda ƙarshen labari yake a hannu ba, kuma wannan sai an yi ake iyawa. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, siririn littafi ne da ake karancewa a zama ɗaya ko biyu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema. Ko ba za ki shiga ba, ki ɗauki wannan awon ki rubuta gajerun labarai uku, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Za ki ga hannunki ya canza.

Abin da zan hana ki, don ya taɓa cina, shi ne sakin labari shafi-shafi a waya kafin ki gama. Na yi haka sau ɗaya. Wannan ta ce a kashe wance, waccan ta ce a haɗa wane da wance, na yi ta bin ra'ayin mutane har na wayi gari ban gane labarina ba. Mutum ɗaya ko biyu masu faɗa miki gaskiya sun isa, kuma kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce su nuna miki shafin da suka fara gajiya.

Af, tun da an zo nan: ki sa allon rubutun Hausa a wayarki, Gboard yana da shi. Kasa daban, ƙasa daban, haka bari da ɓari. "Yana" da "suke" a haɗe suke, "za su" a rabe.

Cikin ukun nan naki kuwa, kada ki zaɓi wanda ya fi tsawo don tausayin wahalar da kika sha. Ki zaɓi wanda kika fi saurin amsa tambayoyin nan huɗu a kansa, sauran biyun ki sa su a akwati kusa da irin nawa.